Tambaya da Amsa: Me ya sa maɗin da nake dafawa a gida ba ya fita garau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi, kuma ina da sha'awar dafa maɗi daga ruwan bishiyar kwakwar manja, wanda wani manomi daga bayan gari yake kawo mini da safe kafin ya yi tsami. Ban ɗauki abin a matsayin sana'a ba, na amfanin gida ne da kyauta ga 'yan uwa. Damuwata ita ce, duk yadda na tace shi, maɗin yana fitowa a gurɓace, kuma bayan 'yan kwanaki sai in ga guggubi ya kwanta a gindin kwalba. Ƙyallen tatar ma toshewa yake yi, sai na matse shi da hannu sannan maɗin ya wuce. Ɗana da ke Kanada ya aiko mini da maɗin bishiyar mepul, har ana hangen yatsa ta cikin kwalbarsa. Mene ne suke yi wanda ni ba na yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin maɗin da ɗanki ya aiko miki shi ma a gurɓace ya sauka daga wuta. Ruwan da ake tarawa daga bishiyar mepul a Kanada da arewa maso gabashin Amurka, tsakanin Fabrairu da Afrilu, sukarin da ke cikinsa kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai, saboda haka sai an ƙone kimanin lita 40 kafin a samu lita 1 ta maɗi. A wannan doguwar dahuwa, ruwa ne kaɗai yake tashi ya bi iska, amma sinadaran da bishiyar ta zuƙo daga ƙasa suna nan a tukunya suna ta taruwa, har sinadarin kalsiyam ya haɗu da wani sinadari mai tsami da ake kira malik, su dunƙule su zama wani lallausan yashi. Yashin ba ya cutarwa, sai dai yana dusashe maɗi, kuma yana yi wa mutum ƙasa-ƙasa a baki. Masu wannan aiki a lardin Kebek na Kanada, inda kimanin kashi 70 cikin 100 na maɗin mepul na duniya yake fitowa, manyansu da injin tata suke rabuwa da shi, ƙananansu kuwa da ƙyalle da haƙuri, kamar yadda ke ma za ki iya yi a tsakar gidanki.

Ruwan kwakwar manja ya fi na mepul zaƙi nesa ba kusa ba, domin sabonsa yakan ɗauki sukari tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wato lita 6 zuwa 8 sun isa su ba ki lita 1. Wannan ya rage miki wahalar itace, amma namu ruwan yana zuwa da tasa matsalar. Su can cikin sanyi suke tara nasu, ga ƙanƙara a ƙasa, mu kuwa a cikin zafi, inda ruwan yake fara juyawa cikin 'yan sa'o'i. Ga kuma yadda ake tara shi a Ghana: akan sare bishiyar a kwantar, a fafe rami a wajen kanta, a kafa bututu zuwa mazubi, sannan mai taran yakan riƙa kara wuta a ramin don ya kori ƙwari. Toka da ɓurɓushin itace da tururuwa da ƙudan zuma duk suna samun hanyar shiga mazubin. Don haka nake ganin babban abin da ya kamata ki sauya shi ne tunanin cewa tata aiki ne na sau ɗaya a ƙarshen dahuwa. Ƙyallen ƙarshe ba zai iya gyara abin da aka bari ya lalace tun daga gona ba.

Ki fara da mazubi. Ki ba manomin naki mazubin mai murfi, wanda kika wanke da tafasasshen ruwa, kada ya zuba miki a tsohuwar tukunyarsa ko a galan ɗin nan ruwan ɗorawa da aka taɓa zuba mai a cikinsa, domin tsohon mazubi yana riƙe da yis da ƙwayoyin da ke tsamar da ruwa tun daga zubin baya. Idan ruwan ya iso, ki tace shi yana ɗanye ta rariya mai laushi da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, ki ɗora shi a wuta nan take ba tare da jiran gama aikin gida ba. Idan kika ga ya yi fari fat yana ta kumfa shi kaɗai, ko ya fara warin tsami, to ya kama hanyar zama bammi, kuma bai dace da tukunyarki ba. Ko da an ajiye zancen halacci a gefe, irin wannan ruwan ba ya ba da maɗi mai haske, saboda ƙwayoyin da suka fara cin sukarinsa suna sakin wani yauƙi da ke liƙe idon ƙyalle. Ina kyautata zaton rabin toshewar da kike kuka da ita daga nan take.

Da ruwan ya fara tafasa, kumfa mai datti za ta taso sama, kuma wannan kumfar ita ce tatar da wuta take yi miki kyauta. Ki tsaya a kanta da ludayi ki riƙa kwashewa, kada ki juya ta ta koma ciki. Idan tukunyar ta nemi yin ambaliya, ɗigo ɗaya na man girki marar ƙamshi ya isa ya kwantar da ita. Lokacin da ruwan ya ƙone ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, ya yi launin shayi amma bai yi kauri ba, ki sauke ki tace shi karo na biyu, ki mayar da shi a ƙaramar tukunya mai tsabta ki ƙarasa dahuwar a kan wuta mai sauƙi. A wannan mataki yana wuce ƙyalle cikin hanzari, kuma duk abin da kika cire yanzu kin rage wa ƙyallen ƙarshe nauyi.

Sanin lokacin saukewa yana da alaƙa da tata, shi ya sa nake ba ki shawarar sayen ma'aunin zafi na girki. Maɗi yana kai ga nunarsa ne idan sukarinsa ya kai kashi 66 cikin 100, kuma alamar hakan ita ce ya riƙa tafasa a digiri 4 sama da inda ruwa zalla yake tafasa. A Kumasi, da yake garin yana kan tudu kaɗan, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 99 a ma'aunin Salshiyas, don haka maɗinki ya nuna a wajen digiri 103. Idan ya wuce haka ya yi kauri da yawa, ba zai bi ƙyalle ba, kuma daga baya sukari zai daskare a gindin kwalba.

Tatar ƙarshe ita ce mai buƙatar natsuwa. Masu yi a gida a Kanada suna amfani da wata jaka mai kauri ta ulu ko ta zaren roba, mai tsini a ƙasa, suna jera siraran ƙyallaye a cikinta. Ke kuma ki samu farin yadin auduga mai ƙaramin ido wanda ba a rina ba, tela ya ɗinka miki jaka mai siffar mazurari mai ninki biyu, ki yanka wasu ƙyallaye uku marasa kauri ki jera a ciki. Ki tsoma su duka a tafasasshen ruwa ki bari su tsane, domin busasshen ƙyalle yana shanye maɗi kuma yana jinkirta shi. Ki rataye jakar a kan tukunya yadda tsininta ba zai taɓa gindi ba, ki zuba maɗin da zarar ya sauka daga wuta, ki rufe saman da murfi, ki lulluɓe tukunyar da tawul don kada zafin ya gudu. Da farko za ki ga yana zuba kamar zare, sannan ya koma ɗigo. Idan ɗigon ya ja baya, ki kama gefunan ƙyallen sama ki ɗaga shi a hankali, ki tuttular da sauran maɗin cikin na ƙarƙashinsa, za ki ga wata laka mai ruwan ƙasa ta manne a jikin wanda kika cire, zubar kuma ta dawo.

Abin da nake roƙonki ki daina shi ne matsewa. Hannun da ya saba da tatar gasarar koko ya saba da murɗa ƙyalle don a fitar da amfanin da ke ciki, amma a nan abin da ya tsaya a ƙyalle shi ne abin da ake gudu. Matsewa tana buɗe idon yadin ta tura lakar cikin maɗin, kuma yadin da aka murɗa sau da yawa ba ya komawa daidai.

Akwai kuma kuskuren da mutane da yawa suke yi bayan sun gama wahala, wato su mayar da tataccen maɗi a wuta ya sake tafasa kafin su ɗura. Sabuwar tafasa tana fitar da sabon yashi, sai a ga maɗin da ya fita garau ya sake dusashewa a kwalba. Idan ya huce lokacin tata, ki ɗumama shi zuwa digiri 82 zuwa 88 kawai, ki ɗura a kwalaben da kika dafa suna da ɗumi, ki rufe, ki kwantar da kowace a gefenta na ɗan lokaci don zafin ya taɓa murfin. In kuwa abin da kika dafa bai fi kwalba ɗaya ko biyu ba, har ƙyalle zai shanye rabinsa, ki zuba shi a kwalba mai faɗin baki ki sa a firiji na kimanin mako guda, guggubin zai kwanta da kansa, sai ki tsiyaye na sama a hankali.

TAMBAYA: Malam, ni daga Nima nake a Akara. Maɗina yana fita da haske, amma yana ɗan ƙamshin sabulu, kuma wani lokaci fumfuna tana fitowa a samansa. Wani abokina ya ce in riƙa jefa kanwa a tukunya, wai tana kwantar da datti. Ina kuma tunanin fara sayarwa a unguwa.

AMSA: Malam, ƙamshin daga ƙyallenka yake. Maɗi mai zafi yana jan duk wani ƙamshi da ya saura a yadi, don haka ƙyallen tata ba a wanke shi da sabulu ko garin wanki ko bilic. Ka juya cikinsa waje, ka ɗauraye shi da ruwan zafi zalla har ruwan ya fita fes, ka shanya shi a inda hayaƙin girki ba ya kaiwa, ka adana shi a busasshen wuri nesa da turare da kayan yaji. Sabon yadi ma sai an dafa shi kafin a fara aiki da shi, saboda sitacin da ke jikinsa.

Ban goyi bayan kanwa ba, domin tana baƙanta maɗi, tana sauya ɗanɗanonsa, kuma ita kanta tana zuwa da ƙasa a jikinta. Fumfuna kuwa tana nuna ɗaya daga cikin abubuwa biyu: ko dai ka sauke maɗin kafin ya kai nunarsa, ruwa ya yi masa yawa, ko kuma ka ɗura shi bayan ya huce. A Akara, da yake kuna bakin teku, ruwa yana tafasa ne a digiri 100, don haka kada ka sauke sai ma'auni ya nuna 104. Kwalbar da aka buɗe a firiji take zama, wadda ta yi fumfuna kuma a zubar da ita. Game da sayarwa, abincin da aka ɗura a kwalba don kasuwa yana ƙarƙashin kulawar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, bisa dokar lafiyar jama'a ta 2012, saboda haka ka je ofishinsu ka ji sharuɗɗan rajista kafin ka buga takardar suna ka liƙa a kwalba.