Amsa kan binciken Adam Riess

Malam, ka tambaya wane bincike ne ya kai Adam Riess ga lambar yabo ta Nobel, kuma me yake yi yanzu. Masanin ɗan Amurka ne, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1996. A 1998 shi da abokan aikinsa suka auna hasken wasu taurari masu fashewa a can nesa, suka tarar sun dusashe fiye da yadda aka zata, abin da ya nuna cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Dalilin ke nan da aka ba shi Nobel a 2011 tare da Saul Perlmutter da Brian Schmidt.

A ganina, aikinsa na yanzu a Jami'ar Johns Hopkins ya fi ɗaukar hankali. Awon da tawagarsa ta yi da madubin hangen nesa na Hubble ya nuna saurin faɗaɗar ya kai kusan kilomita 73 a daƙiƙa a kowane megafasek (ma'aunin nisa a sararin samaniya, wato tazarar da haske ke ratsawa cikin kusan shekara miliyan 3.26), alhali lissafin da aka ciro daga bayanan kumbon Planck, wanda ya auna ragowar hasken farkon samuwar sararin samaniya, ya tsaya wajen 67, kuma har yau masana ba su daddale kan musabbabin wannan saɓani ba.