Amsa kan taswirar doron wata a intanet

Malam, ka tambayi ko akwai taswirar da mutum zai duba doron wata da ita, kuma ko za ta taimaka wajen duban jinjirin wata.

Akwai su, kuma wadda na fi amincewa da ita ita ce QuickMap, domin an gina ta da hotunan kumbon LRO wanda hukumar NASA ta harba a shekarar 2009. Kana iya jan taswirar, ka matso da ita har ka ga wurin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka sauka a 1969, ka auna faɗin ramin Tycho mai kimanin kilomita 85, sannan ka juya zuwa bayan wata, ɓangaren da ba a hangowa daga duniya. Moon Trek ma tana da kyau, sai dai dukansu suna cin data sosai, saboda haka gara ka buɗe su a kwamfuta inda sabis yake da ƙarfi.

Batun jinjirin wata kuwa, waɗannan taswirori ba su nuna daren da zai bayyana a sararin Sakkwato, don haka sai a saurari sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi.