Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne Sinanci ba shi da nahawu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Wata biyu ke nan ina koyon Sinanci a waya, sai wani abokina ya ce min wai yaren ba shi da nahawu kwata-kwata, jera kalmomi kawai ake yi yadda aka ga dama. Don Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya abokin nan naka bai faɗi daidai ba, amma na gane inda ya samo maganar. Mu in aka ce nahawu tunaninmu sarfu da i'irabi irin na Larabci yake tafiya, ƙarshen kalma na canzawa, to Sinanci ba ya haka, kalmar aiki ba ta motsi ko kaɗan, chi ɗin nan dai da ke nufin ci shi ne jiya shi ne gobe, ko mutum ɗaya ne ko dubu.

To ina dokar take? Tana cikin jerin kalmomi da wasu 'yan ƙananan kalmomi da ake maƙalawa. Wo da ta, na doke shi (a Sinanci wo ni ne, da doke, ta kuma shi). Ta da wo, ya doke ni. Ka ga wuri kawai aka sauya magana ta juye. Sannan wo chi le na ci, wo chi guo na taɓa ci, wo zai chi ina cikin ci, kuma wallahi wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba tunda mu ma cewa muke na ci, zan ci, nakan ci, ci ɗin yana nan inda yake. Kalmar lokaci kuwa dole ta riga aiki zuwa, wo mingtian qu zan je gobe, in ka kai mingtian ƙarshe ka yi kuskure.

Korewa ma kala biyu ce, wo bu qu ba zan je ba, wo mei qu ban je ba, kuma in mei ta shigo a irin wannan jimla le sai ta fita.

Inda ɗalibai suka fi shan wuya shi ne ƙirga, ba ka isa ka haɗa lamba da suna kai tsaye ba sai da kalmar awo a tsakani, littafi uku san ben shu ne, abu mai faɗi kamar takarda ko tebur zhang yake ɗauka, dogo kamar kifi ko kogi ko hanya tiao, sai ge da ta fi kowacce yawo.

Abin da ya ƙara ruɗa mutane, malaman Sin na da sun fi ba da ƙarfi wajen haruffa da sauti da ƙamus, sai a 1898 Ma Jianzhong, wanda ya yi karatu a Faransa, ya fitar da Mashi Wentong, littafin nahawu na farko mai tsari da Basine ya rubuta, shi ma a ma'aunin yarukan Turai ya auna tsohon Sinanci. Amma rashin littafi ai ba rashin doka ba ne, mutane na bin ƙa'idar a bakinsu tun kafin a rubuta ta.

Shawarata, duk sunan da ka koya ka haddace shi tare da kalmar awonsa, kar ka riƙe shu, wato littafi, shi kaɗai, riƙe yi ben shu, wato littafi ɗaya.