Tambayi Bakanike: Tsohuwar Jensen ko tarin ƙarfe?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanena da ke Ingila ya turo mani hoton wata mota Jensen Interceptor ta 1972, ba ta tashi, mai ita ya ce sai gyara, shi ya sa ya karya kuɗinta. In saya a kawo mani Damagaram ko in haƙura? Daga mai karatu, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya kana da ido, mota ce ta manya da aka yi don doguwar tafiya, a garin West Bromwich na Ingila aka riƙa ƙera ta daga 1966 zuwa 1976. Injinta ma ba na Ingila ba ne, V8 ne, wato mai silinda takwas, na kamfanin Chrysler daga Amurka, kayansa ana samu har yanzu.

To amma tsatsa fa! Jikinta ƙarfe ne, ga Ingila ruwa ba ya ɗaukewa kuma suna zuba gishiri a titi lokacin sanyi, don haka ka ce ma ƙanenka ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, in ya taɓa ya ji tana marmashewa to walda kaɗai za ta cinye kuɗin motar. Babban gilashin nan na baya kuma in ya fashe a hanyar Kwatano, babu shi a kasuwar Dole.

Ga kuɗin jirgi, ga duwan, ga shan isansi, ga zafin watan Afrilu da zai dafa injin in ba ka canza lagireto ba. Ni dai in ba ka da wata motar hawa, bar ta.