Wane Mazubin Harsashi Zan Saya: Mai Siraran Tsagogi Ko Mai Tsagi Mai Zurfi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma na mallaki libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, bisa doka, mai cin harsashin .38 Special, wadda nake zuwa filin koyon harbi da ita a ƙarshen mako. Tsadar harsashi ta sa nake son fara zuba ƙwayoyin darma da kaina. Na ga mazubi iri biyu a kasuwa: ɗaya yana fitar da ƙwaya mai siraran tsagogi da yawa, wadda ake cuɗawa da ruwan maiƙo a cikin roba, ɗayan kuma yana fitar da ƙwaya mai tsagi ɗaya ko biyu masu zurfi, da ake cikawa da daskararren maiƙo. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka sayi mai tsagi mai zurfi, amma sai ka san abin da kowannensu yake yi kafin dalilina ya fito maka fili.

Darma ƙarfe ne mai laushi, yana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Selshiyos. Idan ƙwayar da aka zuba da ita ta bi ta cikin bututun bindiga babu maiƙo, gogayya da iskar albarushi mai zafi sukan kankare ta, su bar gurbinta manne a cikin murɗaɗɗun tsagogin bututun, daga nan saiti ya lalace, wankewa kuma ta zama jidali. Tun zamanin ƙwayar Minié da aka ƙirƙira a Faransa wajen 1849, wadda aka yi yaƙin basasar Amurka da ita tsakanin 1861 da 1865, sojoji suke amfani da ƙwayoyi masu tsagi da aka cika da kitse da kakin zuma. Wannan shi ne asalin tsarin gargajiya. Fitaccen misalinsa a ƙananan bindigogi shi ne ƙwayar da wani masanin bindiga Ba'amurke, Elmer Keith, ya zana a ƙarshen shekarun 1920, mai lamba 429421 a jerin mazuban kamfanonin Ideal da Lyman, wadda ya yi mata tsagi guda mai faɗi da zurfi domin ta ɗauki maiƙo sosai. Har yau ana sayar da mazubinta.

Tsarin siraran tsagogi kuwa an fi saninsa da kamfanin Lee Precision na garin Hartford a jihar Wisconsin, wanda Richard Lee ya kafa a 1958. Mazubansa na wannan tsari suna ɗauke da haruffan TL a farkon lambarsu, kamar TL358-158-SWC da ya dace da libarbarka. Aikinsa ba shi da wuya ko kaɗan. Za ka zuba ƙwayoyin a cikin roba mai murfi, ka ɗiga musu ruwan maiƙon da ake kira Liquid Alox kaɗan, ka jujjuya su kamar yadda ake cuɗa zogale da ƙuli har kowace ta samu, sannan ka baza su a kan takarda mai kaki su kwana su bushe. Da safe za ka same su da launin ruwan ƙasa mai haske, wanda ya ɗan fi duhu a cikin tsagogin. Sau da yawa ma ba sai an daidaita kaurinsu ba, idan sun fito daga mazubi daidai da bindigar. Mutum yakan gama ɗaruruwa cikin mintuna kaɗan, ba tare da ya sayi wata na'ura ba.

Mai tsagi mai zurfi, idan za a bi shi ta hanyarsa ta asali, yana buƙatar na'urar da take daidaita kauri tana kuma tura maiƙo cikin tsagi a lokaci guda, irin su Lyman 4500 ko Lube-A-Matic na kamfanin RCBS. Kuɗinta ya ninka na mazubin Lee sau da yawa, sannan kowane kauri yana da ƙarfensa na daban, kowace siffar kan ƙwaya ma tana da nata abin dannawa, kuma ɗaya bayan ɗaya ake sanya ƙwayoyin. Abin da mutum yake samu a madadin wannan ɗawainiya shi ne ƙwaya mai tsabta, wadda maiƙonta yake ɓoye a cikin tsagi, kanta kuma a bushe, ba ta kwasar ƙura ko yashi a aljihu.

Dalilin shawarata shi ne, ƙwaya mai tsagi mai zurfi tana karɓar cuɗawa da ruwan maiƙo lafiya lau. A saurin .38 Special, wanda yawanci bai kai ƙafa 1000 a daƙiƙa ba, siririn shafin da ya hau zobban ƙwayar, wato tuddan da ke gefen tsagi, ya wadatar, ko da tsagin ya zauna babu komai a ciki. Ƙwaya mai siraran tsagogi kuwa ba ta dace da na'urar tura maiƙo ba, domin tsagoginta ba su da zurfin da za su riƙe daskararren maiƙo, ga shi ba sa zuwa daidai da ramukan na'urar. Saboda haka idan ka sayi na gargajiya, kamar 358-158-RF na kamfanin Lee ɗin dai, za ka fara da roba da kwalbar Alox a kan arahar da kake nema, ranar da ka ga kana buƙatar na'ura kuma mazubinka yana nan daram. Idan ka sayi TL, hanya ɗaya ka zaɓa tun daga farko. Akwai ma hanya ta tsakiya ga mai tsagi mai zurfi: a jera ƙwayoyin a tsaye cikin faranti, a zuba narkakken maiƙo har ya rufe tsagin, a bari ya daskare, a turo su waje da ɗan yatsa. Haɗin da aka daɗe ana yi shi ne rabi kakin zuma rabi Alox.

Wannan ba ya nufin TL ba shi da amfani. Wanda ya tabbata cewa harbin takarda kawai zai yi da ƙaramar bindiga mai matsakaicin sauri, kuma yawa yake nema, mazubin TL mai rami shida zai biya masa buƙata, masu harbi da yawa kuma suna samun saiti mai kyau da shi. Sai dai kowane mazubi ka ɗauka, muddin cuɗawa za ka yi, ka rage hannu wajen zuba maiƙon. Kuskuren kusan duk sabon shiga shi ne cika shi da yawa, sai ƙwayoyin su yi danƙo, hayaƙi ya yi yawa, maiƙon kuma ya taru a cikin ƙarfen da yake zaunar da ƙwaya a ƙwanson harsashi, ya riƙa tura ta ciki fiye da yadda aka saita ba tare da mutum ya ankara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zurfin zama yana ƙara matsin albarushi. Ka riƙa duba ƙarfen kana gogewa, kana kuma auna tsawon harsashin lokaci zuwa lokaci.

Tambaya: Malam, ina amfani da mazubin TL a bindigata mai cin 9mm, amma darma tana manne mini a bututu bayan harbi kaɗan. Na ƙara maiƙo, abin bai canza ba. Shin in koma na gargajiya?

Amsa: Kafin ka kashe kuɗi, ka auna. A mafi yawan lokuta irin wannan matsala ta kauri ce, maiƙo ba shi da laifi. Ƙwayar darma tana so ta fi faɗin cikin bututu, daga tsagi zuwa tsagi, da inci .001 zuwa .002, domin ta toshe hanya gaba ɗaya. Idan ta gaza, iska mai zafi takan bi ta gefenta ta yanke ta, kuma babu maiƙon da zai hana. Harsashin 9mm mai rigar tagulla yakan zo da kaurin .355, amma bututu da yawa sun fi haka faɗi, har na darma ya buƙaci .357 ko .358.

A nan ne raunin siraran zobba yake bayyana. Ƙwanson 9mm gajere ne mai kauri, yana ƙara tsukewa zuwa ciki, kuma idan aka cusa ƙwaya mai laushi a cikinsa, yakan matse siraran zobban nan har su ragu. Ka haɗa harsashi ɗaya ba tare da albarushi ba, ka zare ƙwayar, ka auna gindinta da ma'aunin maikuromita. Idan ta shiga da .357 ta fito da .355, ka gano inda gizo yake saƙa. Maganin shi ne ƙarfen buɗa ƙwanso mai ɗan faɗi, ko haɗin darma mai ɗan tauri. Tsantsar darma tana da tauri 5 a ma'aunin Brinell, haɗin Lyman mai lamba 2, wato kashi 90 darma, 5 kuza, 5 antimoni, yana kai wa 15. Idan ka gwada waɗannan abin bai gyaru ba, to ka koma na gargajiya, domin faffaɗan zobbansa sun fi jure matsi, sun kuma fi kama tsagogin bututu.

Tambaya: Ni doguwar bindiga ce da ni, .45-70, kuma da baƙin albarushi irin na da nake son harbi. Cuɗawa za ta yi mini?

Amsa: Ba za ta yi ba. Baƙin albarushi yana barin toka mai yawa a bututu, aikin maiƙo a nan kuma shi ne ya jiƙa tokar ta zauna da laushi, ƙwaya ta gaba ta share ta. Wannan yana buƙatar maiƙo mai yawa, mai taushi, na kakin zuma da kitse ko man tsirrai, irin maiƙon da ake sayarwa da sunan SPG, wanda masu wannan harbi suka saba da shi, don haka sai ƙwaya mai manyan tsagogi uku ko huɗu. Maiƙon da aka samo daga ɗanyen mai yakan haɗu da tokar ya zama kwalta mai wuyar fita.

Tambaya: Malam, na ji ana maganar garin fenti da ake gasawa a jikin ƙwaya. Kuma ina da yara ƙanana a gida, ina tsoron darmar.

Amsa: Garin fentin yana aiki da kowane irin mazubi. Ana girgiza ƙwayoyin da garin, a gasa su a zafin da ya kai kusan digiri 200 na Selshiyos na mintuna 20, su fito da riga mai santsi wadda ba ta danƙo, hayaƙinta kuma kaɗan ne. Tana ƙara kauri kaɗan, don haka sai an daidaita bayan gashi. Tandar da aka yi wannan aiki da ita ba ta sake komawa kicin har abada.

Tsoronka kuwa yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka faɗe shi. Mu da muka san abin da gubar darma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake daka su a cikin gidaje, ba ma buƙatar wani ya yi mana dogon bayani. Ƙura da dattin hannu su ne babbar hanyar shigarta jiki, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin shanye ta. Ka yi aikin a waje ko inda iska take ratsawa, kada ka ci ko ka sha a wurin, ka ware tufafin aikin daga wankin iyali, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro, kuma kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunyar narkakkiyar darma, domin yakan sa ta fantsama har fuska. Ka nemi likita ya riƙa gwada jininka da na yaran. Ga masu karatu da suke Najeriya kuma, duk wannan bayani na ƙasashen da doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin amfanin kansa ne, kamar Amurka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba, hukuncinta kuma ɗauri ne.