Amsa ga ɗan'uwa mai jiran rahoton rafari a New York

Assalamu alaikum. Malam, ka ce wata biyu ke nan da kammala sauraron shaidu a gaban rafarin (wato jami'in da kotu ke naɗawa ya saurari ƙara) da alƙali ya miƙa wa rikicinku, bai shigar da rahoto ba, kuma kana tambaya ko doka ta ɗiba masa wa'adi. Ta ɗiba masa. Sashe na 4320 na dokar CPLR (dokar tsarin shari'o'in da ba na laifi ba ta jihar New York) ya ba shi kwana 30, amma ƙidayar tana farawa ne daga ranar da aka gama miƙa masa komai, har da rubutaccen jawabin ƙarshe na lauyoyi idan ya nema, ba daga ranar da shaida na ƙarshe ya yi magana ba. A nan ne na sha wuya.

Ni da wani mutum muka yi haɗin gwiwar tura motoci daga tashar Newark zuwa Kwatano, mutumin da ya kwana a falona wata biyar lokacin da ya iso ƙasar nan. Da lissafi ya rikice, kotu ta tura mu gaban rafari. Ranar da aka gama sauraro na dawo gida na zagaye kwana na 30 da jan biro a kalandar masallaci da ke rataye a kicin, ban san cewa lauyansa ya nemi ƙarin lokacin rubuta jawabi ba, har sau uku, kuma nawa lauyan ya amince ba tare da ya shaida mini ba. Wata Juma'a, ina tafe a ƙasa saboda na sayar da motata na biya kuɗin buga bayanan shaidu, sai ga mutumin nan ya tsaya a ƙofar masallaci cikin sabuwar mota, ya miƙo mini hannu yana tambayar lafiyar iyali. Na karɓi hannun saboda idon jama'a, amma har aka sallame sallah ban san surar da liman ya karanta ba.

Ka nemi takardar umarnin da alƙali ya naɗa rafarin da ita, ka karanta da idonka. Idan hukunci aka ba shi ikon yankewa, sashe na 4319 ne ya shafe ka, kuma shi ya ba ka damar roƙon kotu ta sake shari'ar idan wa'adin ya wuce, matuƙar ka riga rafarin shigar da takarda. Idan kotu ta yarda, ba zai karɓi ladan aikinsa ba. Ni dai ban ga hikimar hakan ba, domin sabuwar shari'a sabon kuɗin lauya ce, sai dai lauyanka ya fara rubuta wasiƙar tuni cikin ladabi. Kuma don Allah ka tambayi lauyan naka a rubuce ko ya amince da wani ƙarin lokaci.

Idan kuwa rahoto kawai zai kai wa alƙali, ka zauna cikin shiri, domin da zarar an sanar da shigar da shi, mai ƙara yana da kwana 15 ya nemi a tabbatar ko a yi watsi da shi. Nawa rahoton ya fito ina gida Kumasi wajen ta'aziyya, daga can na riƙa buga wa lauya waya da tsakar dare, aka shigar da takardar saura kwana biyu wa'adin ya cika.