Amsoshin Tambayoyinku: A Ina Zan Ɗaure Jirgina?

Wani manomi daga Wamakko ya rubuto: "Malam, na sayar da albasa na sayi jirgin katako da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 don in riƙa fito. Shin in ɗaure shi a bakin mashigi inda ake biyan mai gadi, ko ƙarƙashin wata gaɓa kusa da gonata inda ba a biyan ko sisi?"

Allah Ya sa alheri, ɗan'uwa. Kafin ka duba kuɗin gadi, duba gaɓar. Idan tana bayan kwana ce, inda gulbi ke lanƙwasa ya daki ƙasa, to nan ne ruwa ya fi zurfi da gudu, kuma kullum yana cin gindinta. Wata rana ita da turkenka da jirgin za su tafi tare. Cikin kwanar kuwa yashi ke taruwa, ruwa na ja kaɗan ka tarar jirgi ya zauna. Nemi inda gulbi ya miƙe, ƙasa ta yi ƙarfi, ka juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, don itace da kainuwa su goge shi su wuce. Ka tuna ruwan Rima ba sama kaɗai ke ƙara shi ba: in an saki ruwa daga madatsar Goronyo, yana iya hawa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Mutanen Sakkwato ba su manta da 2010 ba, shekarar da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo. Gajerar igiya a irin wannan dare ita ke danne goshin jirgi har ya sha ruwa. Ni dai mashigi zan ce maka. Aibinsa cunkoso ne da igiyar ruwan jiragen da ke wucewa, kuma tsofaffin tayoyi a gefen jirgi sun isa maganin wannan. Ka je ka gaida Sarkin Ruwa ya nuna maka wuri, ya fi ka sanin inda rami yake.

Wani kuma ya ce: "Na ga shuɗiyar igiya mai araha a kasuwa, kauri ɗaya da mai tsada. Ba duk igiya ce ba?"

Ba duk ɗaya ba ce, kuma wannan tambaya tana ci mini rai. Kun san abin da inji ya kai a yau. Mutum zai sayar da shanu ya saye shi, ya zuba kuɗi a fenti da rubuta suna a jikin jirgi, amma in an zo kan abin da ke riƙe da wannan dukiya duka tsawon dare, sai ya tsaya yana ciniki kan ɗan canjin da bai kai kuɗin man kwana biyu ba. Shuɗiyar nan ta roba ce mara nauyi. Rana na cinye ta, balle ranar Sakkwato ta watan Afrilu, ga ta tana yawo a saman ruwa tana neman farfelar mai wucewa. Ta ɗaure jirgi ita ce nailan, domin tana miƙewa ta dawo in ruwa ya fizgi jirgi, ba ta barin fizgar ta tumɓuke turke ko ta tsage katako. Sai dai yanzu har masu sayar da roba suna kiran tasu nailan. Ka ce a yanko maka ɗan guntu ka jefa a bokiti: nailan na nutsewa, roba na tasowa. Sannan ka warware murɗin igiyar ka buɗe cikinta. In ka ga gari na zuba, ko zaruruwa na karyewa a yatsunka, ko launin ciki ya saɓa da na waje, ajiye masa abinsa ko da kyauta ya ba ka. Haka sarƙa: akwai wadda aka fesa wa fentin azurfa a ce ba ta tsatsa. Kankare ta da makulli, in baƙin ƙarfe ya fito ka san ganin kitse kake wa rogo. Igiya mai kyau ma ba ta kwana lafiya in tana gogar bakin katako, don haka ka zura ta cikin guntun tiyo a daidai wurin. Igiya biyu ake sawa, kowace da turkenta, kuma injin kansa ya samu tasa 'yar sarƙar da kwaɗo. Wanda ya ce ba shi da kuɗin waɗannan, bai gama tara kuɗin jirgi ba, kuma ba na ganin ya dace ya ɗauki 'ya'yan mutane a ciki.

"Zan iya ɗaurewa a ƙafar gadar Kwalkwalawa?"

A'a. Nan ruwa ke matsewa ya ƙara gudu, nan tarkace ke taruwa, kuma hanyar kowa ce. Kada ka sake kawo wannan tunani.

Wata uwa daga Gidan Igwai ta ce: "Ɗana yana Warri, sun haɗa kuɗi da abokinsa sun sayi jirgi mai inji. Ya ce da safe suka tarar ruwa ya gudu, jirgin na zaune cikin taɓo. Hankalina ya tashi, ko wani ya yi musu hannu?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wanda ya taɓa shi. Kogunan da ke kusa da teku haka Allah Ya yi su: ruwa ya shigo na wajen awa shida, ya koma na wajen awa shida, sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Ya fi hawa da sauka a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Yaron da ya girma a bakin Rima bai saba da wannan ba. Ki gaya masa ya je ya ga wurin lokacin da ruwa ya gama janyewa kafin ya biya kuɗin wuri, ba lokacin da ya cika ba. Ya ɗaure gaba da baya, tunda can ruwa na juya alkibla, ya saki igiya yadda za ta ishe shi hawa da sauka. In anka zai jefa, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, tsawon igiyar ya ninka zurfin ruwa a cikarsa sau biyar ko fiye. Ya riƙa ɗage ƙafar injin in zai tafi, yana wanke shi da ruwan daɗi saboda gishiri, ya kuma nemi ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ya yi wa jirgin rajista. Ke kuma, Hajiya, in za ki aika masa da wani abu a watan nan, ki haɗa da kuɗin rigar ruwa guda biyu, tasa da ta abokin.